Fiyano, Samfur da Ƙira: Neman Sunan Gangar da Ba Ta da Fata

A Boɗinga ko Shagari, idan kaka ta yi aka shiga hidimar bukukuwa, ko siyasa ta kankama motoci suka fara zagaya kasuwa da sifiku a kai, tsayar da wanda ka ga dama ka tambaye shi wane kiɗa ne ke tashi. Amsar ɗaya ce: kiɗan fiyano. Dattijo zai faɗa yana taɓe baki, saurayi zai faɗa yana kaɗa kai, amma sunan bai canja ba. Wanda ya taɓa leƙa situdiyo a birnin Sakkwato ko Kano zai ƙara maka kalma guda, ya ce "bit" ne. Da waɗannan kalmomi biyu muke lulluɓe duk sautin da ya fito daga na'ura, alhali a ƙarƙashinsu akwai abubuwa biyu da suka sha bamban tun daga tushe. Akwai bugun da wani mutum ya taɓa yi da hannunsa a kan fata, na'ura ta ɗauka ta adana, take ta maimaita shi. Akwai kuma bugun da babu hannun da ya taɓa yin sa, wutar lantarki ce ko lissafin kwamfuta ke haifar da shi a daidai lokacin da aka danna. Yaron da ya tara kuɗi ya sayi laftof don ya riƙa haɗa wa mawaƙan garinsu kiɗa, kullum yana zaɓe tsakanin biyun nan, kuma sau da yawa bai san zaɓe yake yi ba, domin harshen da yake tunani da shi bai raba masa su ba.

A fara da fiyano. Abin da ya fara ɗaukar wannan suna babban akwati ne na katako, cike da tsarkiyoyin ƙarfe da 'yan ƙananan guduma masu dukansu, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙera a Italiya wajen shekarar 1700. Namu ba shi da tsarkiya ko ɗaya. Allon kiɗa ne na lantarki, galibi na Yamaha samfurin PSR, wanda ya cika situdiyoyin Kano tun shekarun 1990, lokacin da kowane fim ɗin Hausa ya zama sai da waƙa. Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, na 1999, yana cikin waɗanda suka nuna cewa ana iya lallashin wannan allo ya fitar da abin da kunnen Bahaushe zai ce nasa ne. Kiɗan da ya biyo baya aka raɗa masa nanaye, daga amshin waƙoƙin 'yan mata na dandali. Tun kafin Kano ma, a Yamai, Mamman Sani ya naɗi kaset a 1978 da wani allon lantarki ƙirar Italiya. Mun ga maɓallai farare da baƙaƙe a jere, sai muka ba abin sunan wanda ya yi kama da shi. Ido ne ya raɗa sunan, ba a shawarci kunne ba.

Na'urar da aikinta ganga kaɗai kuwa ba ta samu suna a wurinmu ba sam, don ba ta iso mana a matsayin akwati mai zaman kansa ba. Ta zo a ɓoye cikin fiyano, daga baya ta zo a cikin manhaja irin su FL Studio. In za a kira ta, "na'urar kiɗa" ta fi "injin kiɗa" dacewa. Ka ce inji a Shagari, hankalin mutum zai tafi kan na ban ruwa a gefen madatsa ko na niƙa a bakin kasuwa, abu mai shan mai da hayaƙi. Ita ma na'ura, a Larabcin da muka aro ta, sunan keken ɗaga ruwa ne daga kogi, amma a Hausa ta daɗe da wanke wannan ma'ana.

Rabuwar hanyoyin biyu tana da shekara sananniya. A 1980 na'urori biyu suka fito kasuwa. Kamfanin Roland na Japan, wanda Ikutaro Kakehashi ya kafa a 1972, ya fitar da TR-808 a kan dala 1,195. A Amurka kuma Roger Linn ya fitar da LM-1 a kan kusan dala 5,000. Ta Linn ita ce ta farko da ta adana bugun gangunan gaske a ƙwaƙwalwar lantarki, kuma tsadar ƙwaƙwalwar a lokacin ta sa aka bar faifan tagulla mai doguwar ƙara a waje, don ba wurin ajiye shi. Ta Roland ba ta adana bugun gangar gaske ko ɗaya ba. Babbar gangarta wani ɗan zagayen waya ne da ake tsikara da ƙyas ɗin lantarki, ya yi rawa wajen sau 50 a daƙiƙa, ya lafa a hankali. Ƙarar tagullarta kuma sautuka shida ne masu kaifi da aka cakuɗa aka tace. Masu saye suka ce ba ta yi kama da ganga ba, kuma gaskiya suka faɗa. An ƙera kimanin 12,000 aka daina a 1983. Arahar da ta yi a kasuwar gwanjo ce ta kai ta hannun matasa marasa kuɗi, ga kuma Marvin Gaye da Afrika Bambaataa da suka yi fice da ita a 1982. Magajiyarta, TR-909 ta 1983, ta raba gardama: gangunan na lantarki, tagullar ɗaukakkiya.

To, me za mu kira hanyar Linn? A situdiyo ana cewa "samfur", kuma kalmar ba baƙuwa ba ce, ta riga na'urar zuwa da shekaru. Sai dai kasuwa ta riga ta ba ta aiki. Samfur a bakin ɗan kasuwa shi ne ɗan yankin atamfa da ake nuna wa mai saye, ko sabon yayin mota. Abu ne da ake dubawa don a san sauran kaya, ba shi ne kayan ba. Samfur na kiɗa kuwa shi ne kayan gaba ɗaya: bugu guda da aka yanka, aka auna shi sau dubbai a daƙiƙa (faifan CD sau 44,100 yake yi), aka mai da shi lambobi. Hausa tana da fi'ilin da ya dace da wannan aiki tun zuwan rediyo da kyamara. Muna ɗaukar hoto, muna ɗaukar murya. Muna kuma naɗar sauti, amma naɗi ya fito ne daga zaren kaset da ke naɗewa, yana nuni ga abu mai tsawo, waƙa sukutum ko wa'azi. Bugu guda ɗaukarsa ake yi. Saboda haka ni "kiɗan ɗauka" nake kiransa, kuma abin da ya sa na fi son kalmar shi ne tana jawo tambaya a bayanta. Duk abin da aka ɗauka, daga wani wuri aka ɗauko shi, kuma daga hannun wani.

Ɗaya hanyar ta fi wuyar suna. "Sintisaiza" tana da nauyi a baki, kuma ba ta gaya wa kowa komai. "Haɗi" ya yi kusa, amma a situdiyo haɗa kiɗa na nufin jera dukan waƙar da daidaita muryoyi, za a rikice. "Kwaikwayo" kuskure ne, domin mafi kyawun sautukan wannan hanya ba sa kwaikwayon komai. Kalmar da ta rage ita ce ƙira. Mai wannan aiki yana farawa da ɗanyen sauti marar siffa, ya yanke masa yadda zai faro, da ƙarfi ko a hankali, ya yanke tsawon da zai yi kafin ya mutu, ya rage masa kaifi ko ya ƙara, ya sa muryarsa ta faɗo daga sama zuwa ƙasa cikin ƙiftawar ido. Da yawa daga maɓallan murɗawa a fuskar 808 irin waɗannan hukunce-hukunce ne. Kiɗan ƙira ke nan, kuma mun riga muna cewa mota ƙirar Japan, saboda haka kunne ba zai yi tuntuɓe da ita ba.

Da an tsaya nan da sauƙi. Amma sunayen da ke cikin manhajar su kansu ba su da amana. Abin da furodusa a Kano ko Sakkwato ke kira "808" yau, kusan kullum ba na'urar Roland ba ce. Ɗauka ce aka yi wa sautinta, aka ja shi, aka ƙara masa kauri, ya bi duniya a cikin fayil. Wato ƙira ce da ta koma ɗauka, lambar na'ura ta zama sunan sauti, kamar yadda kowane garin wanki ya zama omo. Ga kuma akasinsa. Sautin nan mai nauyi na amapiano, da ya taso daga Afirka ta Kudu ya mamaye waƙoƙin Najeriya a 'yan shekarun nan, ana ce masa "log diram", ma'ana gangar gungume. Mai jin sunan zai zaci wani ne ya fafe itace ya buga. Babu itace a cikinsa. Shiryayyen sauti ne a wata 'yar manhaja mai suna DX10 da ke cikin FL Studio, kuma da lissafi ake haifar da shi, ta dabarar da John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford a 1967, wadda Yamaha ta karɓi lasisinta ta gina DX7 a kanta a 1983. Mai sunan na'ura ɗauka ne, mai sunan itace ƙira ne. Yaron da ya dogara da suna kaɗai zai yi ta murɗa maɓallin da ba zai amsa masa ba.

Akwai wani jerin sunaye da ya yi mana tasiri fiye da yadda muka lura. A 1991 kamfanonin kayan kiɗa suka amince da ƙa'idar General MIDI, wadda ta tsayar da muryoyi 128 da sautukan bugu 47 da kowane allo mai bin ƙa'idar zai ƙunsa. Ka bi jerin za ka ga konga, bongo, marakas da kwika na Latin Amurka, ka ga sitar da shanai na Indiya, koto da taiko na Japan, har da kalimba. Ba kalangu, ba kotso, ba ma wata ganga mai magana ta kowace ƙabila. Shi ya sa mai fiyano na Kano ya zama ma'aroci: shanai ta tsaya a madadin algaita, konga ta yi aikin kalangu, kuma tsara guda ta tashi tana jin wannan a matsayin kiɗan Hausa. Wani abin sha'awa a jerin shi ne agogo. Kalmar Yarbanci ce, sunan ƙararrawar ƙarfe. Ta haye teku tare da bayin da aka kai Barazil, ta zauna a kiɗan samba, daga can ta shiga allon Japan. Ita dai wannan kalma ce Hausa ta aro ta ba abin duba lokaci. Mai fiyano a Boɗinga da ya ga "agogo" a allonsa ya danna, abin da zai ji ɗan'uwan kugenmu ne, ya dawo masa ta doguwar hanya da sunan da ba zai gane ba.

Wannan ya sha bamban da yadda muke raɗa wa ganga suna. Jerin na'ura yana ware ganguna ta girma da kaurin murya. Mu kuwa ganga da mai ita take tafe. Tambari na sarki ne, ba a buga shi don nishaɗi. Kalangu an san shi da mahauta, da 'yan dambe, da Mamman Shata. Kotso na fada ne, shi Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suka riƙe. Taushi har sarauta gare shi, Salihu Jankiɗi shi ne Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Gangar noma sunanta ya faɗi aikinta, bandiri kuma na zikiri ne. Ƙasar Boɗinga ta san nauyin wannan rarrabewa fiye da ko'ina. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Abdullahi kuma a Boɗinga. A Kitabul Farƙ, Shehu ya soki sarakunan da suka shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana, amma ya ware bugun da ake yi don tara runduna, ko sanar da tashinta da saukarta. Wato an dubi wace ganga ce, wa ke bugawa, don me. Hukunci na malamai ne, ba shi nake nema ba. Abin da nake cewa shi ne, jama'ar da ta gaji irin wannan tsantseni wajen sanin abin da ake bugawa bai kamata ta wadatu da kalmar "fiyano" ba, ko mai tambayar malami ne, ko mai sayen manhaja.

Kalangu ne ke nuna inda zaɓen yake da gaske. Makaɗi yana rataye shi a hammata, ya buga da gula, sa'annan ya matse igiyoyin ko ya sassauta. Fatar ta ɗaure, murya ta hau. Ta saki, murya ta sauka. Hawa da saukar nan suna faruwa ne bayan bugun, a cikin ransa, kuma da su kalangu ke bin karin sautin Hausa har ɗan dambe ya ji takensa daga nesa ya zabura. Ɗauka tana kama fatar da kyau: kaushinta, ƙarar gula, amon itacen. Amma tana kama matsa guda ce tak, ta daskarar da ita. In ka ɗaga muryar bugun a manhaja ta hanyar da aka saba, sai ya gajarce ya tsuke, in ka sauke shi ya yi tsawo ya yi lis. Ka jera shi sau takwas, kunne ya gane nan take cewa bugu ɗaya ne ake maimaitawa, domin hannun mutum bai taɓa faɗawa wuri ɗaya da ƙarfi ɗaya sau biyu ba. Ƙira kuwa a nan ne ƙarfinta yake. Jan murya sama da ƙasa bayan bugu shi ne abin da ta fi iyawa, kuma zamewar da 808 ke yi a waƙoƙin hip-hop na yanzu ta fi kusa da aikin hammatar makaɗi fiye da kowace kongar Yamaha. Abin da ba ta da shi shi ne fata. Sautinta sumul yake, ba ƙura, ba gumi.

Saboda haka ra'ayina a fili yake. Ƙananan kayan bugun da ke riƙe zaren kiɗa da murya guda, irin su kuntuku, da kuge, da ƙwarya, da tafi, a ɗauke su, a kuma ɗauki kowanne sau da yawa, da ƙarfi da taushi, don na'ura ta riƙa sauyawa. Nauyin ƙasa da ke girgiza sifika a filin biki a ƙera shi, ba gangar da za ta ba da shi da tsabta haka. Amma kalangun da zai yi magana, ko dai a kira mai shi ya buga jimlar gaba ɗaya a naɗa, ko a haƙura da kiran abin kalangu. Sai kuma a kula da gidajen bugu. 808 ta zo da maɓallai 16 a jere, manhajoji da yawa suka gaje ta, suna buɗewa da lissafin huɗu-huɗu, alhali da yawa daga kaɗe-kaɗenmu uku-uku suke tafiya. Ana iya sauya wannan a saiti, amma sai wanda ya san akwai abin sauyawa.

Na ce kalmar ɗauka tana jawo tambaya. A 1969 wata ƙungiyar Amurka mai suna The Winstons ta fitar da faifai, a cikinsa makaɗinsu Gregory Coleman ya yi bugu shi kaɗai na 'yan daƙiƙoƙi. An yanki wannan bugu an saka shi a dubban waƙoƙi, har aka gina nau'o'in kiɗa a kansa a Ingila. Coleman ya rasu a 2006 bai karɓi ko sisi daga wannan ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne mu maimaita wannan a gida. Makaɗi a al'adarmu gado yake ci, kuma abincinsa yana fitowa ne daga kasancewarsa a wurin: a gan shi, a yi masa kari, a kira shi gobe. In furodusa ya kira shi yini guda, ya sallame shi da kuɗin mota, ya ɗauki bugunsa ya ajiye, to ya sayi dukan bukukuwan da makaɗin ba zai ƙara halarta ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta tanadi haƙƙin mai gabatar da fasaha da kuma kariya ga fasahar gargajiya. Amma doka ba ta bin abin da ba shi da suna. Fayil ɗin da aka rubuta wa "kalangu 1" ya riga ya shafe mai shi. Mu da muke cewa kotson Narambaɗa da kalangun Shata mun san yadda ake yi: a rubuta sunan makaɗin, da garinsa, da irin gangar, har da lokacin shekara, tunda fatar da aka buga a hunturun Shagari ba muryarta ɗaya da wadda ta sha laimar damina ba. Kalmar samfur ba ta tuna wa kowa wannan nauyi. Ɗauka tana tunawa.

Saura mutumin da ke zaune gaban allon. Dattawa da yawa ba sa yarda a kira shi makaɗi, suna cewa mai fiyano, ko mai danne-danne. Ina fahimtar su, amma ban bi su duka ba. Wanda ya danna shiryayyen kiɗan da injiniyan Yamaha ya zuba a allo, ya ɗora waƙa a kai, mai fiyano ne, sunan ya ishe shi. Wanda ya zauna ya jera bugu da kunnensa, ya san inda zai jinkirta kuntuku da inda zai bar sarari don mawaƙi ya numfasa, ya san wane sauti ya ɗauko da wanda ya ƙera, kuma zai iya faɗa maka hannun wa ke cikin kiɗansa, wannan makaɗi ne, ko da ba a gidan kiɗa aka haife shi ba.